Ranar da Malam Hammawa Ya Kama Hanyar Gombe

Duk wanda ya zauna a Gwallameji a 'yan shekarun nan ya san farar bas ɗin Malam Hammawa, ko da bai san mai ita ba. Ƙarfe bakwai saura kwata take fitowa daga layinsu, a wanke tas, ta bi gida-gida tana kwasar 'yan makaranta zuwa cikin gari. Yaran suna kiransa Baba Direba, iyayensu kuwa hankalinsu kwance yake, domin dattijo ne da ba a taɓa jin ya take ko da kaza ba.

Ba a gari aka haife shi ba. Ɗan ruga ne daga wajejen Alkaleri, da sanda a kafaɗa ya tashi. Yana saurayi annoba ta faɗa garken mahaifinsa, kafin damina ta fita ba su da abin tatsa. Ya shigo Bauchi da riga ɗaya, Hausarsa ma ba ta gama nuna ba, ya zama yaron mota a tasha. Can ya koyi tuƙi, daga baya ya samu aikin direba a wata ma'aikata, ya yi shekara talatin da biyu yana jan manya. Hanya kuwa ya san ta kamar yadda makiyayi ya san burtali. In ya bi wuri sau ɗaya, to ko bayan shekara goma ba ya tambaya. Da ya yi ritaya zama ya gagare shi, shi ne ya sayi bas ɗin.

Matarsa Ruƙayyatu 'yar Ƙofar Wambai ce, shekararsu talatin da takwas tare. 'Ya'yansu mata uku duk suna gidajen mazajensu, sai autansu Muktar, ma'aikacin ofis, wanda ke zaune da iyalinsa layi biyu daga gidansu.

Ruƙayyatu ce ta fara lura. Wata safiya ya wanke mota, ya shigo ya sha koko, ya sake ɗaukar bokiti ya fita zai wanke ta. Ta yi masa dariya, shi ma ya yi. Bayan kwana kaɗan ya tambaye ta sau uku a zama ɗaya ko Muktar ya dawo daga tafiya, alhali Muktar bai je ko'ina ba. Sai ranar da ya rage mata hanya zuwa kasuwar Wunti. Da suka iso shataletale ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa, masu keke suna ta danna masa hon. Ta dubi fuskarsa, ta ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, idonsa yana yawo kamar na baƙo.

"Dama za ka yi, Malam," ta ce a hankali.

"Na sani," ya ce. "Ramin can nake kauce wa."

Babu wani rami. Ta haɗiye maganar, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Washegari ta yafa mayafi ta shiga gaban mota. Ta ce wa iyayen yara zaman gida ne ya ishe ta, gara ta riƙa taya shi kula da ƙananan. Suka yi ta sa mata albarka. Ba wanda ya san aikinta na gaskiya a motar. In sun doshi mararraba sai ta ce, kamar hira, "Ka ga shagon can na hagu sun sake fenti," shi kuma ya karya hagu. Wata huɗu suna haka, safe da rana. Kullum in yaron ƙarshe ya sauka sai ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji, kullum da safe dutsen ya dawo.

Akwai wani ƙaramin asibiti a unguwar inda Malam Hammawa ke zuwa awon hawan jini duk wata. Likitar wurin, Dakta Christiana, ta fi shekara goma tana duba gidansu, ta san ciwon kowa. A zuwansu na watan nan, da aka gama awo ya fita karɓar magani, Ruƙayyatu ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Mama, akwai magana ne?"

Ta faɗa mata, da farko a gutsure, daga baya duka. Likitar ba ta katse ta ba. Da ya dawo ta ce ya zauna, akwai ɗan gwajin da take yi wa dattawa. Ta ba shi kalmomi uku ya riƙe: rago, tabarma, lemo. Ta tambaye shi ranar da ake ciki, ya ce Alhamis, alhali Litinin ce. Ta tambaye shi wata, ya dubi matarsa. Da ta nemi kalmomin nan uku, rago kaɗai ya kawo.

"Baba, in ka tashi daga Wunti za ka gida, ta ina kake bi?"

Ya yi dariya sosai. "'Yata, ni za ki tambaya hanya? Tun ba a haife ki ba nake bin ta." Ya ɗaga hannu ya fara kwatance, ya ambaci shataletale, sai hannun ya tsaya a sama. A hankali ya sauke hannun ya ɗora a gwiwa.

Dakta Christiana ta sa aka ɗebi jininsa, ta ce wani lokaci ƙarancin wani abu a jiki kan kawo irin wannan. Bayan kwana uku sakamako ya fito, babu abin da ya nuna. Ta zaunar da su ta ce abin ya wuce ta yanke hukunci ita kaɗai. A babban asibiti akwai likitocin da ke zama ranar Laraba don masu matsalar mantuwa, can za ta tura su. Ta rubuta takarda, ta sa a ambulan, ta buga hatimi.

"Amma Baba, daga yau har su gan ka, kada ka sake tuƙi. Ko kai kaɗai ne a motar, balle da yara."

"A wane sashe suke zaman?" ya tambaya.

"Gini ɗaya ne da na likitocin ƙwaƙwalwa."

Ya miƙe tsaye. "Wato wajen mahaukata." Ya sa hularsa ya fita, ko sallama babu.

Ruƙayyatu ita ta kai takardar babban asibitin. Ta yi layi tun safe har azahar, aka buɗe masa kati, aka ce su zo nan da mako bakwai, masu jira suna da yawa. Da yamma ta kira Muktar ta nuna masa katin. Ya karanta, ya ajiye, ransa a ɓace.

"Dada, tsufa ne fa. Wane tsoho ne ba ya mantuwa? In aka ga Baffa a wannan layin, gobe duk Gwallameji ta ɗauka ya taɓu. Mu yi ta addu'a, a karɓo masa rubutu."

"Addu'a muna yi. Tuƙin fa?"

"Ai kina tare da shi. Wata nawa kuna yi, me ya faru?"

Zuciyarta dai ba ta kwanta ba. Ta ɗauke makullin motar ta tura cikin buhun gero. Da gari ya waye Malam Hammawa ya birkice gidan, ya zazzage akwatuna, ya ɗaga katifa. Da ya juyo kanta sai ta ga mutumin da ba ta sani ba. Ya ce ita ta sace, ya ce ta haɗa baki da likita za su kai shi turun mahaukata. Tunda aka kawo ta gidansa bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan, har maƙwabta suka leƙo. A waje kuma ga yaran layin sun fara taruwa da jakunkunansu. Ta tono makullin ta miƙa masa, ta yafa mayafi ta shiga gaba. Ta ce a ranta mako bakwai ne, Allah zai kai su.

Sun ci mako huɗu lafiya. A mako na biyar, ranar Talata, suna dawowa daga kai yara aka kira ta: yayarta ta rasu a Ƙofar Wambai, za a yi jana'iza ƙarfe goma sha ɗaya. Ta sa ya ajiye motar a gida suka hau keke tare. Bayan an kai gawa maza suka watse, wani ɗan'uwa ya mayar da shi gida. Ita ta tsaya wajen mata, makullin yana cikin jakarta. Ta ce masa ya jira ta, ƙarfe ɗaya za ta dawo su tafi ɗauko yara, ya ce to.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna ta sauka daga keke a bakin layinsu. Tun daga nesa ta hango ƙofar garejin a buɗe. Ta laluba jaka, ga makulli. Sai a lokacin ta tuna da na biyun, wanda yake ɗaure da waya a ƙarƙashin motar tun ranar da ya saye ta. Ta shiga gida da gudu, ta tarar da wayarsa a kan tabarmar salla.

Mai keken bai yi nisa ba, ta ƙwala masa kira. Duk tsawon hanyar zuwa makarantar idonta yana kan motocin da ke tahowa, ko za ta ga farar bas. Mai gadi ya ce ai Baba Direba ya zo da wuri yau, ya kwashi yaransa tara tun ƙarfe ɗaya.

"Ta ina ya bi?"

Mai gadin ya nuna da hannu. Ba hanyar gida ya nuna ba.

Ta kira Muktar. Kafin ya iso wayar Malam Hammawa ta fara ruri a hannunta, iyaye ne. Ta farko ta ce mata ga su nan tafe. Ta biyu ma haka. Da kira na uku ya shigo, ta ga sunan Malam Obadiya, maƙwabcinsu malamin sakandare mai yara biyu a motar, sai ta kasa yi masa ƙarya.

"Ba mu san inda yake ba," ta ce.

Kafin ƙarfe uku ƙofar gidansu ta cika. Wasu sun bazu a kan babura, ɗaya ya nufi hanyar Jos, ɗaya hanyar Dass, wasu suka tafi ofishin 'yan sanda da asibitoci. Wata uwa mai suna Juwairiyya, wadda 'yarta ɗaya tilo mai shekara biyar ke cikin motar, ta zauna a ƙasa dirshan tana kiran sunan yarinyar. Ana ta maganar masu satar mutane, wani ya ce an tare mota a wani wuri makon jiya. Ruƙayyatu tana tsaye jikin bango da waya a hannu biyu. Ita kaɗai da ɗanta suka san ba ɓarayi ba ne, kuma sanin bai rage mata komai ba. Tana ganin tireloli a idonta, tana ganin hannun nan da ya tsaya a sama a ɗakin likita. Muktar ya kasa haɗa ido da ita.

Aka kira la'asar, ba labari. Ƙarfe huɗu da kwata wayar ta sake ruri, baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum. Lambar nan na gani a jikin wata farar bas. Ni mai kifi ne a Dindima, hanyar Gombe, bakin gada."

"Yaran fa?" Abin da ta iya cewa ke nan.

"Suna nan lafiya, Hajiya. Dattijon ne dai ya hana kowa ya matso kusa da su, kuma ya kasa faɗa mana inda ya fito."

Motar Malam Obadiya suka shiga, shi da ita da Muktar da Juwairiyya, wasu motoci biyu suna biye. Tafiyar ta ɗauke su kusan awa guda. Suka same su kafin gada. An ajiye bas ɗin can gefe, nesa da kwalta, an sa dutse a bayan taya. Yaran tara suna zaune a inuwar wata bishiya, an jera su, ƙanana a tsakiya, suna cin ƙosai da matan wurin suka ba su. Wasu sun yi kuka har sun gaji. Malam Hammawa yana tsaye a kansu da wani reshe a hannu, leɓɓansa suna motsi. Ƙirga su yake yi, in ya kai tara ya koma farko.

Iyaye suka yi kan 'ya'yansu. Ya ɗaga reshen zai tare su, sai ya ga Ruƙayyatu. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya saki reshen.

"Na ga gada ne na tsaya," ya ce. "Babu gada a hanyar gidanmu." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ban san ta inda zan juya ba, Ruƙayya. Amma duk suna nan, ba wanda ya ɓace."

Malam Obadiya ya zo da yaransa riƙe a hannu biyu. Bai dubi dattijon ba, ita ya duba.

"Mama, tsakaninki da Allah, kin san da wannan?"

Muktar ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Na sani. Likita ta hana shi tuƙi tun mako biyar da suka wuce. Laifina ne, ba nasa ba."

Juwairiyya ta ɗago, 'yarta a ƙirji. "Kin sani, kike karɓar 'ya'yanmu kullum kina mana murmushi?" Ba ta jira amsa ba, ta juya ta shiga wata motar. Malam Obadiya ya girgiza kai kawai. Muktar ne ya tuƙo bas ɗin zuwa gida, mahaifinsa a kujerar baya.

Da safe Muktar da kansa ya riga uwarsa zuwa wajen Dakta Christiana. Ta saurare su, ba ta ce ai na faɗa muku ba. Ta ɗauki waya ta kira babban asibitin, ta yi ta bayani, aka tura ta wajen wani, ta sake bayani daga farko. Da ta ajiye ta ƙara rubuta wata takardar, ta zayyana abin da ya faru jiya. An matso musu da ranar zuwa Laraba mai zuwa.

Ran Laraban Malam Hammawa ya sa farar babbar rigarsa. Bai yi gardama ba har suka iso bakin ginin, ya ga allon da ke sama da ƙofa, ya ga wani saurayi da 'yan'uwansa suka rirriƙe. Nan ya toge. Muktar ya kama hannunsa, ya fizge.

"In na shiga nan, zan fito?"

"Tare za mu shiga, tare za mu fito," in ji Ruƙayyatu. "In sun riƙe ka, sai su riƙe ni."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar. "To shiga gaba."

A kan bencin jira ta ga abin da ba ta zata ba: dattawa ne tsaf-tsaf, maza da mata, kowa da ɗansa ko matarsa. Har da wani tsohon alƙali da ta sani tun tana yarinya a Ƙofar Wambai. Likitan, Dakta Abdulsalam, ya karanta takardun biyu, ya fi awa guda tare da su. Ya yi wa dattijon tambayoyi, ya sa shi zane, ya duba tafiyarsa. Sannan ya keɓe da Ruƙayyatu ya ce ta faɗa masa komai tun daga farko, har abin da take jin kunyar faɗa. Ta faɗa, har da ranar makulli. Aka tura su hoton ƙwaƙwalwa, aka ce su dawo bayan mako biyu.

Da suka dawo bai yi musu kwana-kwana ba. Ya ce ciwon mantuwa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda zuciya ko ƙoda ke ciwo. Ba hauka ba ne, ba kuma wani ne ya yi masa ba. Ya ce ba a warkewa, kuma zai riƙa ƙaruwa a hankali, amma akwai maganin da kan taimaka wa wasu na ɗan lokaci, kuma kula da hawan jinin yana da muhimmanci. Tuƙi ya ƙare. A sa masa takarda mai suna da lambar waya a aljihu kullum. Ya dubi Muktar ya ce kada a bar wa Mama ita kaɗai, in ba haka ba marasa lafiya biyu za a kawo masa.

Malam Hammawa ya dubi tafin hannunsa. Can ya ɗago.

"Likita, salla fa? In na tsaya na rasa raka'a nawa na yi?"

"Baba, wannan malamai sun fi ni sani. Amma ina ganin in kana bin jam'i ba za ka sha wahala ba."

"Zan riƙa zuwa ina ɗaukarka, Baffa," in ji Muktar.

Shekara biyu ke nan yanzu. An sayar da bas ɗin. 'Ya'yansa mata sun raba kwanaki, kowacce tana zuwa ta yini, Muktar kuma bai fasa zuwa ba ko da ruwa ake. Duk wata uku suna komawa ranar Laraba, tsakani kuma Dakta Christiana ke duba shi. Hausarsa ta fara zubewa, Fulatancin ƙuruciya yana dawowa, har Ruƙayyatu ta koma koyon yaren da ta yi shekara arba'in tana jin sa sama-sama. Wata rana ya san kowa, wata rana ya gaishe da Muktar kamar baƙo, da ladabi.

Malam Obadiya ya yi wata guda ba ya ko kallon ƙofarsu. Daga baya wata Asabar ya yi sallama, ya zauna kusa da dattijon a kan dakali, suka yi hirar da ba ta da kai. Da zai tafi ya tambayi Ruƙayyatu yadda ake samun takardar zuwa wajen likitocin nan, don akwai gwaggonsa a ƙauye da ta fara fita ba ta sanin hanyar dawowa. Ta kwatanta masa, ta ce ya fara da likitan da ya saba duba ta, kuma kada ya tsaya jiran komai.

Juwairiyya kuwa har yau in sun haɗu a hanya sai ta ja hannun 'yarta ta tsallaka ɗaya gefen. Matan layi sun so su shiga tsakani, Ruƙayyatu ta ce su bar ta. Ta ce da ita ce aka yi wa haka, ba ta san ko za ta iya gaisawa ba.